Sunan Kuwabara a Jikin Tsubame

Higashi-Osaka, Oktoba 1993

Yaya Nobu,

Ka yafe mini, na tsallake gaisuwa. Idan na tsaya zancen sanyi da ganyen bishiya, kunya za ta riga ni zuwa ƙarshen takardar. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. Ina son masana'antar nan. Ba irin son da mutum yake wa gidan da ya girma ba. So nake wata rana a ce ni ce nake riƙe da ita.

Na san dariya kake yi. Ni da ko mai kawo madara ba na iya gaisarwa sai kaina yana ƙasa. Kowa a gidan nan ya ɗauka idan na zauna a matakala da littafin soyayya, wani saurayi mai doguwar kwat nake jira ya zo ya ɗauke ni. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma sau da yawa littafin a buɗe kawai yake, kunnena yana ƙasa wajen matan da suke liƙa dalma, ina jin inda aiki ya tsaya da inda ya ci gaba. Warin dalmar nan da ka ce ya ishe ka, ni shi ne ƙanshin gida.

To, yanzu gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kana cin abincin kirki, ba taliyar kofi kullum ba. Gwiwar Mama da sauƙi. Tarin Baba bai bar shi ba, shi ma bai bar taba ba.

Ga abin da ya sa na kasa riƙe bakina. Kamfanin da muke haɗa wa na'urar rera waƙa ta karaoke tun kafin a haife ni ya aiko cewa daga ƙarshen Maris aikin zai koma Malesiya. Babu wani aiki a bayansa. Ma'aikata ba su sani ba tukuna, sai Okabe-san, tunda shi ne babbansu. Ni ma daga matakala na ji.

Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga Hoshikawa, kamfaninku. Ni na ɗauko ta daga akwati, ina ganin tambarin na gane shi. Baba ya karanta ta a tsaye, ya ninke, ya ajiye a tebur, ya ɗora mata butar shayi. Mama ta ce, "Daga ina?" Ya ce, "Masu kayan wasan yara." Bai ƙara ba. Tun ranar da ya ce ka fita tunda ba ka son gadonsa, shekara uku ke nan, ba a kiran sunanka a gabansa. Amma katakon sunanka yana nan a allon ma'aikata, ya juya shi yana kallon bango, bai cire ba.

Me ke cikin takardar? Da hannunka a ciki? Ka ba ni amsa ta adireshin gida, ni kaɗai nake buɗe akwatin.

Ƙanwarka,
Chizuru

*

Tokyo, Oktoba 1993

Chizu, sarauniyar matakala,

Lafiyata ƙalau, kuma taliyar kofi ba ta kashe kowa ba tukuna. Ki gaida Mama, ki ce ta daina hawa sama da kwandon wanki.

E, da hannuna. Bari in yi miki bayani yadda za ki iya maimaitawa.

Na'urar gem ɗinmu, Tsubame, baɗi za ta fita. Mu kamfani ne na masu zane da lissafi, ba mu da masana'antar da za ta cika shagunan ƙasar nan. Sai manyanmu suka ce maimakon mu ci shekaru muna gini, mu ba wasu lasisi. Mu ba su zanen da ƙwaƙwalwar na'urar, su haɗa a wajensu, su sa nasu sunan a jiki. Duk faifan gem da aka yi wa Tsubame zai yi aiki a kowacce, ko wane ne ya haɗa ta.

Kin ga, mu mun huta da gini. Masu haɗawa kuma sun huta da shekarun bincike. Idan suka yi yawa za su yi ta gasa, farashi ya sauko, na'ura ta shiga gidaje da yawa. Masu rubuta gem kuwa inda jama'a suke nan suke zuwa. Abin da ya fi mini daɗi shi ne kowa yana da damar ƙara abin da ya iya. Wani zai haɗa tasa a cikin talabijin. Wani zai yi ƙarama ta ɗakin yara. Mu 'yan gidan Kuwabara fa? Wa ya kai Baba sanin makirufo da lasifika a duk gabashin Osaka? Tsubame mai karaoke a ciki, ta masaukai da ƙananan mashayu: yara su yi gem da rana, manya su yi waƙa bayan cin abinci. Manyan kamfanoni ba za su sunkuya wa irin wannan kasuwa ba, ta yi musu ƙanƙanta. Mu ta ishe mu.

Kuma a jikinta za a rubuta Kuwabara. Shekara talatin yana haɗa akwati ana liƙa sunan wasu. A kan wannan muka yi faɗa, idan kin tuna.

Ba ƙaramin roƙo na yi ba kafin shugaban sashenmu ya yarda a sa ƙaramar masana'anta irin tamu. Na cire sunana daga takardar da gangan, na sa aka aika ta yadda ake aika wa kowa, don kada ya ga kamar ɗan da ya kora ne yake ba shi sadaka. Ki gaya wa Okabe-san duk wannan. Shi kaɗai Baba yake saurare.

Zancen da kika buɗe da shi kuwa, kada ki faɗa wa kowa. Musamman Baba.

Ina sauri, ana jirana.

Nobuhiko

*

Higashi-Osaka, Nuwamba 1993

Yaya,

Ina gaisuwa. Sanyi ya shigo, mun fito da teburin ɗumi. Kowa lafiya, sai tarin nan.

Na gaya wa Okabe-san. Sai da na yi ta maimaitawa a banɗaki kafin na iya, kuma da na zo faɗa kalmomin suka rikice, amma ya gane. Ya daɗe yana shafa sanƙonsa, sannan ya ce in kai musu shayi ofis bayan abincin rana, in yi jinkirin fita.

Na shiga da faranti, na tarar ya riga ya fara.

"Maigida, ashe takardar mutanen Tokyo ta zama matashin buta?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ido gare ni, ko da na tsufa. Na ji an ce su ba mu zane, mu sa sunanmu."

"In ɗauki ƙwaƙwalwar wani in zuba a akwatina in ce nawa ne? Kai ma ka fara ruɗewa, tsoho."

"Na girme ka da wata huɗu kawai, kada ka cika mini baki. To lokacin da tsohon maigidanka Tominaga ya raba maka labulen ƙofar shagonsa mai ɗauke da sunansa fa? Ya ba ka sunansa da zanensa da masu sayensa, ya ce je ka buɗe naka. Ya talauce? Rediyonsa sai da ta kai garuruwan da bai taɓa takawa ba, kai kuma ka samu abin tsayawa. Ban ga bambanci ba."

Yaya, ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. A hankali ya ce, "Tominaga da ƙafarsa ya zo gidan uwata. Ya cire takalmi, ya durƙusa a tabarma, ya ajiye labulen a gabana da hannu biyu. Maigidana ne fa, ni yaronsa. Bai aiko mini ta gidan waya da rubutun inji ba."

Okabe-san ya ce, "Zamani ne."

"Zamanin banza. Ɗana yana cin albashi a can. Ka ɗauka ban san hannun wa ke ciki ba? Ya ɓoye sunansa kamar mai jefa wa kare ƙashi ta kan katanga, kada a ga fuskarsa a lungun masu dalma."

Sai ya juyo ya ga har yanzu ina tsaye da faranti. Ni yake kallo, amma Okabe-san yake wa magana: "Duk wanda ya ƙara kawo mini zancen yaron nan, ya tattara ya bi shi."

Na ajiye kofunan na fita.

Ka gani? Abin da ka yi don kare masa mutunci, shi ya ɗauka wulaƙanci. Zuwa da kai ya fi saƙo, ka sani, a nan ka tashi. Ko Tokyo ta mantar da kai?

Okabe-san ya ce in tambaye ka abu ɗaya. Ya ce ya ji ribar irin wannan sana'a a faifai take, ba a akwati ba. Idan ku za ku ci ta faifai, mu me za mu ci?

Sannan maganarka ta ƙarshe. Na karanta ta har takardar ta yi laushi. Layi ɗaya, kana sauri. Na gane. Ka ji kunya a madadina, yarinya mai karanta shirme ta ce za ta riƙe masana'anta. A littattafaina idan mutum ya buɗe cikinsa, wanda ya faɗa wa yakan yi shiru ne ko ya riƙe masa hannu. Ban taɓa karanta inda aka ce masa rufe bakinka ba. Ba komai. Ka ɗauka ban rubuta ba.

Chizuru

*

Higashi-Osaka, Disamba 1993

Yaya,

Ina fata lafiya. Da gaske nake tambaya, don kullum akwati wayam, sai takardun talla.

Idan fushi kake da abin da na rubuta, na janye. Idan ba ka da lafiya, ka sa wani ya rubuto ko layi ɗaya ne. Na riga na kwantar da kai a asibiti a cikin kaina, na sa maka ma'aikaciyar jinya mai dogon gashi, na kore ta, na mayar da kai ƙarƙashin jirgin ƙasa. Na kira gidan ma'aikatanku daga wayar bakin gidan wanka, wani ya ce ba ka nan, ya kashe kafin in tattaro muryata.

Wani dillali ya fara zuwa. Mai ƙyallin takalmi, yana kiran Baba "Shugaba" sau uku a numfashi ɗaya. Filin yake so, a rushe a yi wajen ajiye motoci. Na gan shi yana auna gaban gida da ido, har da ɗakina.

Jiya aka yi walimar ƙarshen shekara ta ma'aikata. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu a kofi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Matan layin dalma suka yi ta tsokanarsa, "Maigida, ko caca ka ci?" Ya yi dariya. Okabe-san bai taɓa abincinsa ba.

Mama ta ce in tambaya ko za ka zo sabuwar shekara. Na ce mata ban sani ba. Ban san komai ba.

Chizuru

*

Sendai, Janairu 1994

Chizu,

Barka da sabuwar shekara. Lafiyata ƙalau, babu asibiti, babu mai dogon gashi, abin takaici. Tun Nuwamba aka turo ni nan in zauna da wani kamfanin talabijin da ya karɓi lasisinmu. Wasiƙunki biyu suna can Tokyo a akwati, sai jiya wani abokin aiki ya kawo mini su a haɗe. Na karanta su a tsaye a bakin ƙofa.

Wawiya. Kunyar me? Ina ɗan sha biyar na ce wa Baba ina son masana'antar, don kawai in ga ya yi murmushi. Daga ranar ya ɗaure ni da maganar, ya zaɓa mini makaranta, ya zaɓa mini abokai, har na tsani warin wajen. Ke shekararki sha shida. Na ji tsoron mutum mai nutsewa ya kama ki ya riƙe. Abin da nake nufi ke nan, na rubuta shi kamar saƙon ofis. Tun kina ƙarama kike gane na'ura mai matsala daga sama, kafin mu da muke gabanta mu gane. Ban manta ba.

Ki ce wa Okabe-san tambayarsa ta yi daidai. Masu haɗa Tsubame zalla za su sha wuya, don gasa za ta matse su. Mu na Kuwabara kuwa, faifan waƙoƙin karaoke namu ne, mu za mu yi, mu sayar wa masaukai duk wata. Ba na cewa babu haɗari. Ina cewa ya fi wajen ajiye motoci.

A kan zuwa da kai, gaskiyarku. Na ga abin da idona a nan: shugaban sashenmu ya zo da kansa, ya sunkuya wa mai kamfanin, suka ci abinci tare, sannan aka fito da takarda. Mu kuwa na sa aka aika wa ubana ta gidan waya. Amma wanda aka kora ba ya faɗowa gida haka kawai, sai an yi masa iso. Ga wasiƙa nan a cikin wannan, da hannuna na rubuta, ina neman izinin in zo in durƙusa in faɗi maganar da bakina. Shugaban sashen ya ce zai biyo ni idan an buɗe ƙofa. Ƙarshen Fabrairu za a rufe karɓar masu lasisi.

Na karanta abin da ya ce game da wanda ya kawo zancena. Okabe-san yana da iyali da ma'aikata ashirin a wuyansa, Mama kuma ba za ta iya ba. Saura ke. Idan kin ga ba za ki iya ba, ki ƙona ta, ba zan taɓa tambaya ba.

Yayanki,
Nobuhiko

*

Higashi-Osaka, Fabrairu 1994

Yaya,

Ina gaisuwa. An yi dusar ƙanƙara kaɗan shekaranjiya, ba ta kwana ba. Gwiwar Mama ta motsa saboda sanyi. Baba ya je asibiti a kan tarin, da ƙyar, an ce ba abin tsoro ba ne.

Na yi kuka da wasiƙarka, kuma ba ka da izinin yin dariya.

Wadda ka rubuta wa Baba tana wajena tun da ta iso. Ban ƙona ba, ban bayar ba. Tana cikin jakar makaranta, ina zuwa da ita ina dawowa da ita kamar abincin rana. Sau biyu na tsaya a bayansa yana karanta jarida, bakina ya buɗe, sai na ce, "A ƙara shayi?" Ya ce, "Yau kuma wane irin ladabi ne ya same ki?"

Na nuna wa Mama. Ta shafa rubutunka a bayan ambulan, ta ce in ajiye masa a gaban hoton Kaka, inda yake kunna turare da safe, ya tsinta da kansa, babu wanda zai ce ni ce. Na kusa yarda. Har na je na ajiye, na koma na ɗauke. Na ga ashe abin da ka yi ne zan sake yi: takarda babu fuska. Kuma wannan karon har da fakewa da mamaci.

Yau Asabar. Da safe ina leƙe ta taga ana motsa jiki a tsakar masana'anta, rediyo tana ƙirga musu. Baba yana gaba kamar kullum, hannuwansa ba sa kaiwa sama yanzu. Matan layin dalma suna yi suna hira, ɗaya tana cewa ɗanta zai shiga babbar sakandare a Afrilu. Har yau bai gaya musu ba. Da aka watse ya tsaya shi kaɗai yana kallon allon sunan da ke saman ƙofa, sannan ya ce wa Mama ta fito masa da hatiminsa na kamfani, dillali zai zo bayan abincin rana da takardun filin.

Na hau sama na zauna. A littattafai, a irin wannan wajen ne wani yake shigowa a guje, rigarsa jiƙe da ruwan sama. Na saurara sosai, Yaya. Babu mai zuwa. Mai tallan awara a keke ne kawai ya wuce.

Ina tsoronsa. Idan ya ce in tattara in bi ka, ya raba ni da abin da na fi so tun kafin in ce ina so. Amma idan na yi shiru, da yamma abin ya zama na mai ƙyallin takalmi, kuma ni na bari.

Na goge yunifom ɗina na makaranta, na sa. Na je shagon kusurwa na sayo kwalin alewar wake, aka naɗe mini da takardar baƙunta. Matar ta ce, "Gidan surukai za a je ne, Chizu?" Na biya na fito. Ba ta matakalar cikin gida zan sauka masa ba. Zan fita ta baya, in zagayo ta titi, in shigo ta ƙofar da baƙi suke shigowa, in cire takalmi, in ce na zo ne a madadin Kuwabara Nobuhiko na kamfanin Hoshikawa. Na roƙi Okabe-san ya zauna a wajen. Ya ce, "Ko ba ki roƙa ba." Sai ya ƙara da cewa idan muryata ta maƙale in kalli sanƙonsa.

Nawa zancen ba yau ba. Ɗaya bayan ɗaya.

Ban san abin da zai ce ba. Wataƙila ya ɗora mata buta ita ma. Amma sai dai ya ɗora a gabana, bayan ya karɓa daga hannuna biyu.

Zan jefa wannan a akwatin gidan waya na bakin titi idan na zagayo, don kada in samu hanyar fasawa. Na ji ya tura ƙofar ofis. Bari in tashi.

Ƙanwarka,
Chizuru